Tarwaɗa ko karfasa: wanne za ka zuba a kandaminka?

Masu neman fara kiwon kifi a Kumasi, daga Aboabo har Asawase, tambayar farko da suke yi ita ce kuɗin 'ya'yan kifi. Ni kuwa nakan ce a fara da tambayar abin da kifin yake ci, domin abinci ne ke cinye mafi yawan jarin mai kiwo.

Tarwaɗa ba ta da zaɓe. Tsutsa, ƙwari, ƙananan kifaye, duk abin da ya shiga bakinta ya tafi, har 'yar uwarta. Ka zuba ɗari biyar a tankin siminti ka ƙi ware su, bayan wata guda za ka tarar da 'yan ƙalilan sun yi ƙato, saura sun ragu ba gawa ba alama. Dole a riƙa ware manya da ƙanana a makonnin farko. Abincinta ya fi tsada saboda tana buƙatar furotin mai yawa, amma tana shaƙar iska kai tsaye, don haka tana jure cunkoso da ruwan da ya ɗan gurɓace. Mai ƙaramin fili a bayan gida, tarwaɗa ce tasa.

Karfasa kuwa gansakuka da ƙananan halittun ruwa take tacewa. A kandamin ƙasa da aka zuba wa taki har ruwan ya yi kore, wani ɓangare na cinta kyauta ne. Matsalarta haihuwa: maza da mata a haɗe, kandami ya cika da 'ya'ya, a yi ta ribibin abinci, babu mai girma. Nemi maza zalla, ko ka saka tarwaɗa kaɗan su riƙa rage 'ya'yan. Bargi ma mai tace ruwa ne da laka, kada ka cika shi wuri ɗaya da karfasa.

Inda nake so a nutsu shi ne asalin irin. Akwai irin Akosombo, wanda Cibiyar Binciken Ruwa ta CSIR, hukumar binciken kimiyya ta Ghana, ta inganta daga karfasar yankin Volta. Akwai kuma masu raɗa maka cewa nasu na waje ne, ya fi saurin girma. Don Allah ka bar shi. Damina ɗaya kandami ya tumbatsa, baƙon kifi ya faɗa rafi, ya shiga cin abincin 'yan gida yana barbara da su. Giwan ruwa namu ne a Volta, amma da aka kai shi Tafkin Victoria a shekarun 1950, ya cinye nau'o'in ƙananan kifaye masu ɗimbin yawa. Ga kuma cuta: a 2018 Ghana ta dakatar da shigo da karfasa daga waje saboda ita. Mu da Tafkin Bosomtwe ke kusa da mu, da kifayen da babu irinsu ko'ina, bai kamata mu yi wasa da wannan ba.

Kafin ka biya, tambayi mai ƙyanƙyasar inda ya samo iyayen kifin, ka nemi ganin takardar izininsa ta Hukumar Kula da Kamun Kifi. Sannan ka watsa ɗan abinci a tankin: lafiyayyu nan take za su taso su yi masa caa.