Gargaɗi kan masu sayar da amfilifaya da ke cewa a jira murya ta washe

Na daɗe ina sana'ar gyaran rediyo da amfilifaya a Kano, kuma abin da ya sa na rubuta wannan gargaɗi shi ne na'urori uku da aka kawo shagona a 'yan watannin nan, dukkansu daga hannun mutum ɗaya da ke talla a Facebook da WhatsApp. Ba zan kama sunansa ba, domin dabarar da yake amfani da ita ta fi sunansa muhimmanci, kuma duk wani mai son zuciya zai iya ɗaukarta gobe.

Yana sanya hotunan manyan amfilifaya masu ɗauke da sunaye irin su McIntosh da Marantz, ya ce na hannu ne da aka shigo da su daga Turai ko Amurka, ya sa musu farashin da bai kai rabin na gaskiya ba. Yana ba da kwana 7 na mayar da kaya, ya kuma liƙa wata takarda a kan murfin, ya ce duk wanda ya yage ta ya rasa garanti. Idan mai saye ya kai gida ya ji sautin a shaƙe, ko ya ji gurnani a lasifika, sai ya kira, a amsa masa cikin ladabi cewa: "Alhaji, ai irin waɗannan manyan na'urori sai sun yi awa 500 suna aiki kafin muryarsu ta washe, ka ƙara haƙuri." Wanda ke sauraro awa 4 a kullum zai buƙaci kwana 125 kafin ya cika wannan adadi, wato fiye da wata huɗu, kuma wannan ma idan wuta ta samu kowace rana. Kwana 7 ɗin sun wuce tun ba a je ko'ina ba.

Abin da ya sa ƙaryar take shiga shi ne an gina ta a kan wata 'yar gaskiya. Amfilifaya mai aiki da bawul, wato kwalaben nan masu haske irin na rediyon da, takan ɗan sauya a farkon amfani da sababbin kwalabe, shi ya sa mai gyara yake sake duba daidaiton wutarsu bayan sun yi aiki na ɗan lokaci. Kondensa mai ruwa a ciki, wato 'yar na'urar da ke tara wuta a cikin amfilifaya, idan ta yi shekaru a ajiye ba a ba ta wuta ba, siririn rufin da ke cikinta yakan raunana, ya kuma sake ginuwa idan aka mayar mata da wuta a hankali, amma wannan aikin sa'o'i ne a kan teburin mai gyara. Amfilifaya mai tiransista kuma, wato wadda ba ta aiki da kwalabe, tana son ta ɗumama na minti 20 zuwa awa ɗaya kafin wutarta ta tsaya daram, kuma hakan yana faruwa ne duk lokacin da aka kunna ta. Inda ake samun sauyin da ya fi fitowa a ma'auni shi ne a lasifika, domin robar bakinta da ƙyallen da ke riƙe da tsakiyarta suna sakewa idan sun yi motsi, kamar yadda sabon takalmi yake sakewa a ƙafa. Duk waɗannan sauye-sauye ƙanana ne ƙwarai, har masu sauraro da injiniyoyi suna ta jayayya kan ko kunne yana iya kama wasu daga cikinsu. Na'ura mai kyau tana da daɗin ji tun ranar farko.

Gurnanin da ba ya yankewa, ko lasifikar ɓangare ɗaya ta fi ta ɗayan ƙara, ko ƙaras-ƙaras idan an murɗa maɓallin sauti, ko ƙaurin ƙuna, ko na'urar ta riƙa kashe kanta, duk alamun lalacewa ne, kuma jira ba ya warkar da ko ɗaya. Barin ta a kunne ma kan iya jawo ta ƙone lasifikar da ta fi ta tsada.

Da masu kayan suka amince na yage takardar na buɗe, sai na tarar biyu daga ciki akwatin ne kawai mai kyau, amma a ciki wani ɗan allo ne mai arha da bai wuce tafin hannu ba, an kuma ɗaure guntun ƙarfe a ƙasa domin a ji nauyi. A cikin biyun, wadda aka rubuta wa MC275 ita ta fi ba ni takaici. Ta gaskiya kamfanin McIntosh na garin Binghamton a jihar New York ne ya fara fitar da ita a 1961, tana ba da wat 75 a kowane ɓangare ta hanyar manyan kwalabe huɗu samfurin KT88, kuma nauyinta ya kai kusan kilo 30 saboda taransifomominta uku. A wadda aka kawo mini, kwalaben haske kawai suke yi, sauti ba ya bi ta cikinsu ko kaɗan. Ta ukun kuwa ta gaske ce, sai dai kondensocinta sun kumbura, kuma na tabbata mai sayarwar ya sani.

Akwai wani abu da mayaudarin ya dogara da shi wanda ba ya cikin na'urar, shi ne yadda kunne yake sabawa da sauti. Mutum idan ya yi makonni yana jin sauti iri ɗaya, kunnensa yakan saba da shi, ga kuma zuciya da ba ta son amincewa an cuce ta, sai ya fara cewa lallai ta fara washewa. Wanda bai gamsu ba ya koma bayan watanni, sai a ce masa wutar NEPA ce ko janareta ya lalata ta, kuma garanti bai shafi wannan ba.

Shawarata ga mai niyyar saye ita ce kada ya tura kuɗi kan hoto. Ya je da mai gyaran da ya yarda da shi, a buɗe murfi a gabansa, a kunna na awa ɗaya da waƙar da ya sani sosai, a kuma rage sauti gaba ɗaya a kasa kunne a lasifika. A duba bayanta, domin kayan Amurka na bolt 120 ne, na Japan na 100, alhali wutarmu 230 ce. A rubuta lambar na'urar da sharaɗin mayarwa a kan rasit. Wanda kuma aka riga aka ce masa ya jira awa 500, ya mayar da kayan yau, ya adana saƙonnin da shaidar biyan kuɗi, idan aka ƙi karɓa ya kai ƙara hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC, tun lambar wayar mai tallan tana shiga.