Kundin Digiri: A Kan Littafi Za a Yi Shi Ko a Kan Fim?

Wata 'yar'uwa da ke aji huɗu a Sashen Harsunan Nijeriya ta kawo tambaya. An ce su miƙa taken kundin kammala digiri, ita kuwa tana son nazarin zaman kishiyoyi, amma ta rasa ko ta ɗauki ƙagaggen labari ko fim ɗin Kannywood. Ƙawayenta sun ce mata fim ya fi sauƙi tunda kallo ne kawai.

Malama, wannan magana ta ƙawayenki ita ce ke kayar da ɗalibai da yawa. Ko wanne kika ɗauka zai yiwu, sai dai hujjar da kowannensu ke buƙata daban ce, kuma a kan hujja ake ba da maki.

Idan littafi ne, hanya a share take. Tun gasar da Hukumar Fassara ta shirya a 1933, wadda ta haifar da su Ruwan Bagaja da Shaihu Umar, ake ta nazarin zube na Hausa, har aka samu tsayayyen ma'auni: jigo da warwararsa, ƙananan jigogi, zubi da tsari, salo da sarrafa harshe, sai taurari. Mai duba aikinki ya san wannan ma'auni kamar yunwar cikinsa, kuma ɗakin karatun sashe cike yake da kundayen da za ki yi bita. Amma sauƙin nan shi ne wahalarsa. A babi na biyu dole ki kawo hujjar ci gaba da bincike, wato giɓin da na gabanki suka bari, kuma shahararrun littattafai an tatse su. Mafita ita ce ki ƙuntata farfajiyar binciken. Maimakon "Jigon kishi a littafi kaza", ki ce "Habaici da zambo a bakin kishiyoyi a littattafai biyu na marubuciya kaza". Na farko zai kai ki ga maimaita labari, na biyu zai tilasta miki tsinto jimloli ki feɗe su.

Matsalar littattafan da marubuta suka buga da kansu a Kano daga shekarun 1980 ita ce shaida. Da yawa ba su da shekarar bugu, wasu kashi biyu ne ko uku, wasu kuma an sake buga su lambobin shafi sun sauya. Ki tsaya a kan bugu ɗaya, ki faɗi wanne ne tun a babi na ɗaya, ki ɗauki hoton bango da shafin maɗaba'a ki sa a rataye. Inda babu shekara, ki rubuta cewa babu, kada ki ƙirƙira. Labaran da ake yaɗawa ta WhatsApp da Wattpad sun fi haka rikici, domin ba su da shafi kuma marubuciya na iya gyara babi bayan ta sake shi. Wanda zai yi aiki a kansu sai ya kwafe su duka a rana ɗaya, ya buga a takarda, ya sa musu lamba da kansa.

Fim kuwa ƙarami ne a wannan fage. Turmin Danya, wanda ake lissafawa a matsayin fim ɗin bidiyo na farko na Hausa, ya fito ne a 1990, sunan Kannywood ma sai a ƙarshen shekarun 1990 ya bayyana. Duk da haka akwai abin dogaro: rubuce-rubucen Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero, da tsofaffin fitowar mujallar Fim da aka fara a 1999, da aikin Brian Larkin a kan kallon finafinan Indiya a Kano. Giɓi yana da yawa a nan, musamman a finafinai masu dogon zango na Arewa24 da YouTube, don haka samun take ba wuya.

Wuyar tana wajen aikin. Kuskuren da ya fi yawa shi ne ɗalibi ya rubuta maganganun 'yan wasa, ya ɗora musu ma'aunin jigo da salo, shi ke nan. Wannan nazarin rubutun fim ne, ba nazarin fim ba. Ɗauki misalin daren da aka kawo amarya. A littafi, marubuciya za ta shiga zuciyar uwargida ta gaya mana abin da take saƙawa, ke kuma ki ɗauko jimlar, ki nuna karin maganar da aka yi amfani da shi, ki sa lambar shafi. A fim ba mai shiga zuciyar kowa. Uwargida na iya cewa "Allah ya ba mu zaman lafiya" da murmushi, amma kyamara ta matso kusa da hannunta yana murza gefen zane, an rage hasken ɗakinta alhali na amarya a haske yake, guɗa na shigowa daga waje, sannan kiɗa mai sanyi ya taso. Kishin duk yana cikin waɗannan abubuwa huɗu, babu ko ɗaya a cikin maganar. Wanda ya kwafi magana kaɗai zai rubuta cewa uwargida ta yi haƙuri, ya faɗi akasin abin da darakta ya nuna.

Don haka mai nazarin fim yana buƙatar jadawali. Ki ja layuka shida a takarda: lokaci da minti da daƙiƙa, wurin da ake, irin ɗauka (ta kusa, ta tsakiya ko ta nesa), abin da ake ji na kiɗa da sauti, sutura da kayan ɗaki, sai maganar da aka yi. Kallo na farko ki bar alƙalami. A na biyu ki lissafa fitowa-fitowa ki zaɓi shida zuwa takwas da suka shafi takenki. A na uku ki cike jadawalin kina tsayarwa kina komawa baya. Ki sani kwafar maganar minti goma tana iya cin awa guda, balle in ana hayaniyar faɗa mutum uku na magana lokaci ɗaya. Waƙoƙi ma kada ki tsallake su don kina ganin cike gurbi ne. Sau da yawa abin da kunya ta hana jaruma faɗa, a baitin waƙa ake sa shi.

Shi ma fim yana da nasa rikicin shaida. Wanda aka ɗora a YouTube ba lalle ya yi daidai da na faifai ba: ana yanke waƙa, ana raba shi kashi-kashi, wani lokaci a sauke shi gaba ɗaya kina tsakiyar aiki. Ki sauko da kwafi ki ajiye a wuri biyu, ki rubuta tashar da ranar da kika samo shi. Shekarar ɗorawa ba ita ce shekarar fitowa ba. A tsarin APA na rubuta manazarta, sunan darakta ake sawa a gurbin marubuci, ba na jarumi ba, lokaci kuma ya maye gurbin shafi, kamar 00:42:15. Wani abu kuma da littafi bai cika fama da shi ba: fim aikin taro ne, akwai mai labari, darakta, furodusa, mai tacewa, ga Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano da aka kafa a 2001. Kafin ki ce "darakta yana nufin kaza", ki tuna wata fitowar kasuwa ce ta sa aka saka ta, wata kuma tacewa ce ta cire ta. Gara ki ce "fim ɗin ya nuna".

In dogon zango kike sha'awa, zango ɗaya ya ishe ki, har ma kashi biyar daga cikinsa. Kundin digirin farko ba ya ɗaukar awa talatin na kallo.

Akwai hanya ta uku, wato kwatanta littafi da fim ɗin da aka yi daga gare shi. Alhaki Kwikwiyo na Balaraba Ramat Yakubu, wanda ya fito a 1990 aka kuma mayar da shi fim daga baya, ya dace da batunki na kishiyoyi. Sai dai aiki biyu ne a kuɗin ɗaya, kuma tsofaffin finafinan kaset ba kowanne ake samu ba. Kada ki miƙa wannan take sai cikakken fim ɗin yana hannunki.

A ganina, tunda a sashen harshe kike kuma saura zangon karatu biyu, littafi ya fi miki, musamman in mai duba aikinki malamin adabi ne da bai taɓa duba kundin fim ba. In kuwa kin fi son fim, ki gwada kanki kafin ki je wajensa: ɗauki fitowa ɗaya ta minti uku, kashe sauti, ki rubuta shafi guda a kan abin da idonki ya gani. In shafin ya cika, ki haɗa shi da taken ki kai masa.