Kafin ka biya kuɗin samfurin shafi: WordPress, Wix, Shopify ko Strapi?

Wata Hajiya mai sayar da shadda da atamfa a wajen Ƙofar Ƙaura a Katsina ta kira ni da sassafe, ranta a ɓace. Shadda ta yi tsada, ta gyara farashi a shafinta na intanet, amma manhajar wayar da aka gina mata tana nan da tsohon kuɗi, har wata mai saye daga Daura ta turo kuɗinta a kai. Ta ce, "Malam, abu ɗaya sau nawa zan rubuta shi?" Da wannan tambayar nake auna duk samfurin da aka kawo mini, wato shiryayyen tsarin da ake gina shafin intanet a kansa.

Samfurin kirki yana ware abin da ka rubuta daga kwalliyarsa. Sunan kaya da gurbinsa, farashi da nasa, hoto da nasa, yawan yadi da nasa. In aka zuba su haka a wuri ɗaya, allon kwamfuta ya ɗauka ya shimfiɗa, waya ta ɗauka ta jera tsaye, manhaja ma ta ja daga can. Gyara ɗaya ya wadatar.

Ga ɗan kasuwar Katsina, WordPress na fi ba da shawara. Tun 2003 yake, kyauta ne, abin da za ka biya shi ne masaukin shafin, wato wurin da ake ajiye shi a intanet, da adireshinsa, kuma kana iya ɗaukar adireshi mai ƙarewa da .ng. Daga Disamba 2018 ana gina shafinsa da tubala, wato ka tsara akwatin kaya sau ɗaya ka riƙa maimaita shi duk inda kake so. Ka haɗa masa WooCommerce mai mayar da shafi shago da Paystack mai karɓar kuɗi, mai saye ya biya da naira. Yana kuma da ƙofar da manhaja za ta ja bayanai, wadda ita ce Hajiya ta rasa. Wahalarsa kulawa: sai ana sabunta shi, kuma wasu samfuran da ake sayarwa sun cika nauyi da kyale-kyale.

Wix da Shopify sun fi sauƙin farawa, cikin yini ɗaya ka ga shafinka a tsaye. Sai dai haya kake yi, ana biya wata-wata ko shekara-shekara, kuma in farashin da dala aka yanka shi, duk ranar da naira ta faɗi kai ma ka ji a jikinka. Shafin Wix kuwa ba ya ɗaukuwa zuwa wani masauki. In za ka tashi, sabon gini za ka yi.

Strapi da Contentful rumbun ajiye bayanai ne kawai, ba su da fuska, wato shafin da mai ziyara zai gani. Makaranta ko jarida mai shafi da manhaja a lokaci ɗaya, nan ne wurinta. Mai shago ɗaya kada ya wahalar da kansa, don sai da ƙwararren da zai gina fuskar ya kuma ci gaba da kula da ita.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne haruffanmu. Na sha ganin samfuri mai tsada ya mayar da ƙ, ɗ da ɓ ƙananan akwatuna, ko ya aro su daga wani salon rubutu su fito a karkace. Kafin ka biya, rubuta "ƙaramin ɗaki, ɓawon gyaɗa" a kanun shafin da cikinsa ka gani. Salon Noto na Google yana ɗauke da su duka. Sannan ka buɗe shafin gwajin a ƙaramar Tecno ko itel, ba a babbar wayar mai tallar ba, a wurin da sabis ke rawa. Ka lura ko farashi da maɓallin WhatsApp sun fito kafin hotuna su gama sauka.

Hajiya dai mun mayar da kayanta WordPress, manhajar tana ja daga can. Cinikin Daura kuwa a tsohon farashi ta cika shi.