Yaya, ga abin da na gani game da maganin mabiyiya a nan Japan

Yaya barka da warhaka, ya jikin Inna? Allah Ya ƙara mata sauƙi. Na ga hoton kwalbar da kika turo, wadda aka ce miki in na samo a nan zai dawo wa Inna da tunaninta, kuma wallahi ban yi wasa da maganar ba, ranar hutuna na shiga manyan kantunan magani har uku ina ɗaga kwalabe ina karantawa, na kuma tambayi nas ɗin gidan tsofaffin da nake aiki. Ke ce ta huɗu da ta min wannan tambayar, shi ya sa zan yi bayanin a tsanake.

Abun akwai shi kam, ba ƙarya ba ne. Suna ce masa purasenta, wato ruwan da aka tace daga mabiyiya, wadda take fitowa bayan haihuwa. Akwai ƙwaya, akwai na sha a 'yan ƙananan kwalabe, akwai man shafawa. Amma kin san a ina suke jera shi? Ɓangaren kayan kwalliya da gyaran fata, kusa da su kolajin, kuma mata masu son fatarsu ta yi sheƙi su ne masu saye. Ban ga kwalba ko ɗaya da aka rubuta tana maganin mantuwa ba, don a dokarsu wannan abinci ne na ƙarin lafiya, ba a yarda kamfani ya ce yana warkar da cuta ba. Sai ya tsallaka ruwa ya shiga hannun 'yan talla sannan yake zama maganin komai.

Abin da ya fi tsaya min a rai, na juya bayan kwalba na farko sai ga kalmar buta a jerin kayan haɗi, buta kuwa alade ne da Japananci. Yawancin na shan nan daga alade ake yi, sai na doki wanda ya fi tsada. Na tunkiya da na barewa an fi samunsu daga New Zealand da Ostareliya. To Yaya wanda bai iya karanta rubutun nan ba ta ina zai gane me ya haɗiye? Ni dai hannuna har rawa ya yi na mayar da ita kan kanta, na tuna Inna da carbinta.

Akwai kuma na allura, shi wannan daga mabiyiyar mutum ake yi ba dabba ba, kuma sai a asibiti. Guda biyu ne sanannu, Laennec wanda gwamnati ta amince da shi don ciwon hanta, da Melsmon na matan da al'ada take ɗauke musu da masu ƙarancin nono. Ko ɗaya ba a amince da shi don ƙwaƙwalwa ba. Kuma a 2006 hukuma ta sa dokar cewa duk wanda aka taɓa yi wa allurar ba za a karɓi jininsa ba in ya je bayarwa, saboda ba su iya tabbatar da cewa babu haɗarin wata muguwar cutar ƙwaƙwalwa ba, dangin wadda take haukata shanu. Kin ga su da suke yin abun ma a kan taka-tsantsan suke.

Maganar bincike kuwa, eh an yi, amma akasari a kan ɓeraye ne da ƙwayoyin halitta a ɗakin gwaji, wasu sun nuna kamar yana rage kumburi ko ɓera ya fi tuna hanya. Daga ɓera zuwa tsohuwa mai shekara saba'in da wani abu tafiya ce mai nisa, magunguna nawa ne suka yi aiki a ɓera suka zo kan mutum suka faɗi. Ga shi abin da aka haɗiya sai ciki ya narkar da shi tukuna, sannan ƙwaƙwalwa tana da shingenta da ba komai take bari ya shiga daga jini ba. Ko Leqembi, maganin da Japan ta amince da shi a 2023, wanda aka gwada a kan mutane da gaske, na masu ciwon mantuwa na Alzheimer ne a farkon ciwo, rage saurin lalacewar kawai yake yi, ba ya dawo da abin da ya tafi, kuma sai ana ɗaukar hoton kai ana duba kumburi ko zubar jini.

Abin da ya fi ba ni sha'awa a ƙasar nan ba a kwalba yake ba. Kusan kashi 29 cikin 100 na mutanensu sun kai 65, don haka sun ɗauki gigin tsufa a matsayin ciwo mai suna, ninchisho suke ce masa, a 2004 suka canja tsohon sunan saboda yana da cin fuska. Akwai asibitin mantuwa takanas. Likita zai zaunar da tsoho ya tambaye shi shekarunsa, yau nawa ga wata, ya faɗa masa kalmomi uku ya ce ya riƙe, ya ce cire 7 daga 100, lissafo min kayan lambu, maki 30 ne gaba ɗaya. Likitan da ya ƙirƙiro gwajin, Hasegawa Kazuo, shi ma daga baya ciwon ya kama shi kuma ya fito ya faɗa wa duniya a 2017, wannan abu yana taɓa ni duk sanda na tuna. Sannan tun shekarar 2000 suna da inshorar kula da tsofaffi, daga shekara 40 kowa yake biya, in tsufa ya zo a auna ka a ba ka mataki, a haɗa ka da mai tsara maka kulawa, mota ta zo da safe ta ɗauke ka zuwa wurin yini ta dawo da kai da yamma, yawanci kashi 10 cikin 100 na kuɗin kawai kake biya. Mu a gida duk wannan nauyin a kanki yake ke kaɗai, na sani, kuma yana damuna.

Akwai wata tsohuwa a wurin aikina, kullum da la'asar sai ta ɗauki jakarta ta tsaya bakin ƙofa wai za ta je ɗauko yara daga makaranta, yaran da yanzu sun yi jikoki. Ba ma ce mata ƙarya ne. Sai in ce to mu jira tare, in miƙo mata tawul mu riƙa ninkewa, kafin mu gama kwando ta ajiye jakar. Ki gwada haka da Inna in ta fara neman Baba, kar ki sake ce mata ya rasu, duk faɗa sabon mutuwa ce a wurinta.

Kuɗin da na ware na kwalaben zan turo miki ranar Juma'a in sha Allah. Don Allah a kai ta wurin likita, a auna hawan jini da suga, a duba bitamin B12 da sinadarin tayirod, wanda matsalarsa take kawo maƙoƙo, don ƙarancin waɗannan biyun yana kawo ruɗewa mai kama da gigin tsufa kuma ana maganinsa, a duba kunnenta ma tunda kin ce sai an ɗaga murya take ji. Ki tafi da duk magungunan da take sha a leda ɗaya likita ya gani. In kun dawo ki ɗauki hoton takardun ki turo min.