Ragin Sitika da Ragin Kwamfuta: Amsa ga Tambayar Hajiya

Hajiya, kin ce ɗanki da ke karatu a Holan ya ga farashin kaza ya sauka sau biyu a yini ɗaya a kanti, kika tambaya ko wannan daidai yake da ragin da ake mannawa da hannu, ko kuwa wata sabuwar dabarar cuta ce.

Tsohuwar hanyar ita ce ta sitika. A kantunan Ingila irin su Tesco, ma'aikaci ne ke zagayawa, galibi da yamma, yana duba ranar ƙarewar wa'adin madara, burodi da nama, ya manna musu sitika ruwan ɗorawa mai sabon farashi. Aikin ido da hannu ne: abin da ya tsallake masa, bola ce makomarsa. Masu saye kuma sun haddace lokacin, za ki gan su suna bin sa a baya da kwando.

Ta kwamfuta kuwa, kamfanin kantunan Albert Heijn na Holan ya gwada ta a 2019, ya faɗaɗa ta a 2022. Da can ragi ɗaya yake yi, kashi 35 cikin 100, ko saura awa goma a rufe kanti ko saura awa ɗaya. Yanzu kwamfuta ce ke lissafa yawan kayan da suka rage, yadda aka saba sayensu a wannan reshe, har da yanayin gari, sai ragin ya fara daga kashi 25, ya koma 40, ya kai 70 idan rufewa ta matso. Wani ɗan allon lantarki da ke bakin kantar kaya shi ke nuna sauyin. A nan ni dai na fi yarda da ita, don ganin abinci mai kyau a juji yana ci mini rai.

Ai mai tumatir a kasuwar Yankaba ya daɗe da sanin wannan lissafi. Kashin da ya ce wa mai tayi "albarka" da hantsi, shi zai sallama bayan la'asar, har da gyara, don ya san gobe ya yi laushi. Sai dai shi kina ganin fuskarsa, kina tayawa. Allo ba ya jin tayi.

Tsoronki ma yana da tushe, don allon da ya iya saukewa ya iya ɗagawa. A 2024 kamfanin kantunan Walmart na Amurka ya ce zai sa irin allunan a shaguna 2,300 zuwa 2026, kuma a shekarar ne sanatocin Amurka Elizabeth Warren da Bob Casey suka rubuta wa wani kamfanin kantunan, Kroger, suna tambayar ko zai riƙa ƙara kuɗi lokacin cunkoso. Kroger ya musanta.

Ki gaya wa yaron ya riƙa leƙawa dab da rufewa, ya duba kwanan watan da kansa, kazar kuma ya dafa ta a daren ko ya jefa ta firiza.