Sun tsaya mini na samu tallafin, sannan kuɗina suka yi mako bakwai a hannunsu

Ni ɗinkin hannu nake yi, aska takwas da aska biyu a kan babbar riga, sana'ar da na gada tun kafin na zo Bronx. Da na ji hukumar raya fasaha ta jihar New York, wato NYSCA, tana ba masu fasaha ɗaiɗaiku dala 10,000, har da mu masu sana'ar gargajiya, sai na ɗaura ɗamara. Sai dai ba ka nema da kanka. Dole wata ƙungiya marar neman riba, mai rajistar 501(c)(3), ta tsaya maka. Ita ke shigar da takardu, ita ke sa hannu da jiha, kuma asusunta kuɗin ke faɗawa.

Farkon lamarin ba ni da abin cewa sai godiya. Na samu ƙungiyar da ta tsaya mini, kuma baiwar Allah da suka haɗa ni da ita a ofishinsu ba ta taɓa jin sunan aska takwas ba, amma ta yi ta tambaya har ta gane. Ita ce ta ce hotunana sun yi nisa, in sake ɗauka kusa-kusa yadda masu tantancewa za su ga tafiyar allura. Na tabbata wannan shawarar ce ta ci mini. Kashi 5 cikin 100 da suka ce za su cire, dala 500 ke nan, ko a jikina a lokacin.

Abin da ya biyo baya ne har yau yake ci mini tuwo a ƙwarya. Da saƙon nasara ya zo, na yi odar shadda da zare daga Kano, bashi, bisa amana. Na kuma yi wa yara uku alkawarin fara koya musu. Jiha ta saki kuɗi, sun shiga asusun ƙungiyar, ni kuwa shiru. Na tura imel huɗu, babu amsa. Sai da na taka ofishinsu da ƙafata na ji ashe matar ta bar aiki, kuma ba wanda ya karɓi fayil ɗina. Saurayin da na tarar ya ce in cike takardar haraji ta W-9. Na ce na cike tun tuni. Ya ce bai gani ba. Na sake cikewa a gabansa, ya ce kuma sai mai sa hannu ya dawo daga hutu.

Mako bakwai cur! Mutumina na Kano bai taɓa ɗaga mini murya ba, sai dai ya kira ya ce, "Malam, ina fatan lafiya," wannan kuwa ya fi zagi ciwo. Ɗaya daga cikin yaran ya gaji da jira ya kama aikin kai kaya.

Ranar da kuɗin suka shigo, dala 9,500 ne cif, ladansu sun cire shi ba tare da ɓata lokaci ba, kuma ko "yi haƙuri" ban ji daga bakin kowa ba. Na zo rubuta wannan da niyyar ba su tauraro huɗu saboda waccan baiwar Allah. Da na tuna wayoyin Kano, biyu zan bayar, kuma biyun nata ne.