Gwajin juriyar zuciya da huhu a ɗakin motsa jiki na mata a Katsina

Wani ɗakin motsa jiki na mata zalla a cikin birnin Katsina ya fara yi wa 'yan mata da matan aure masu ƙananan shekaru gwajin juriya, kuma na je an yi mini saboda hakin da nake yi duk lokacin da na hau bene da bokitin ruwa. Abin da ake son ganowa shi ne iyakar iskar oksijin da jiki ke iya amfani da ita a minti ɗaya ga kowane kilo na nauyin mutum, wanda masana ke kira VO2max. Aunawa ta haƙiƙa sai an sanya takunkumi a fuska ana gudu a kan na'ura, don haka abin da ake yi a nan ƙiyasi ne.

Hanyar da suke bi ita ce ta kwalejin Queens da ke Niyok a Amurka, wadda aka wallafa a 1972. Akwatin katako ne mai tsayin santimita 41.3, mace za ta riƙa hawa da sauka sau 22 a minti har tsawon minti 3, tana bin sautin ƙas-ƙas da ke fita daga wayar malamar. Da na gama, sai ta ce, "Yaya, tsaya cak, kada ki zauna," ta ɗora yatsu biyu a gefen wuyana, ta ƙirga bugun na daƙiƙa 15, ta ninka sau 4. Ana ninka adadin da 0.1847, a cire shi daga 65.81, wato wadda bugunta ya kai 160 za ta samu VO2max na kusan 36, wato mililita 36 na oksijin a minti ga kowane kilo.

Abin da ya fi burge ni shi ne sutura da kulawa. Babu namiji ko ɗaya, mace na iya ajiye hijabinta hankali kwance, kuma kafin in taka akwatin sai da aka tambaye ni ko ina da juna biyu, hawan jini, asma, ko ina azumi. Wannan ya fi dacewa da mu fiye da gwajin likitan Amurka Kenneth Cooper na 1968, wanda ke buƙatar gudun minti 12 a fili, abin da mata da yawa a garin nan ba za su yarda su yi a bainar jama'a ba.

Sai dai akwai abubuwan da suka dame ni ƙwarai. Akwatin ɗaya ne ga doguwa da gajera, kuma na ga wata ƙanwarmu gajeruwa da cinyoyinta suka gaji tun numfashinta bai kai ko'ina ba. Lissafin ma a kan ɗaliban Amurka aka gina shi, amma aka miƙa mana sakamakon ba tare da an faɗi haka ba. Ga shi an ɗauke wuta, fanka ta tsaya, alhali zafi kaɗai yana ƙara bugun zuciya, ya sa sakamako ya faɗi ƙasa. Babban giɓin kuwa shi ne ba a ambaci ƙarancin jini ba. Sinadarin himogulobin ne ke ɗaukar oksijin, kuma macen da ba ta da ciki idan nata ya gaza giram 12 a desilita (kashi ɗaya cikin goma na lita) ta jini ana lissafa ta cikin masu ƙarancin jini, wadda gwajin asibiti take buƙata kafin a ce mata ta ƙara motsa jiki.

Duk da haka zan koma, domin amfanin gwajin yana wajen kwatanta sakamakona na yau da na bayan wasu watanni, a kan akwati ɗaya kuma a lokaci ɗaya. Kafin nan ina ƙoƙarin cika minti 150 na tafiya da sauri a mako, mafi ƙarancin abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci manya su yi. Wadda za ta je ta zaɓi safiya, ta sanya dogon wando maimakon zane, domin zane yana harɗe ƙafa a wajen sauka.